Jarrabawar da Na Koya wa Kyaftin

Duk wanda ya zo duba mu tun da aka fara jinyar nan sai ya ce mini sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada, wai ba kowace mace ce za ta iya da jinyar ƙato irin mijina ba. Nakan ce amin, tunda ba a mayar da addu'a. Abin da ban gaya wa yawancinsu ba shi ne akwai hannuna dumu-dumu a cikin ciwon, kuma da kyakkyawar niyya na sa shi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, na sauya sunaye, ko wata za ta karanta ta tsira daga wautar da na tafka ina ganin taimako nake yi.

Sunana Zulai, malamar lissafi ce ni a wata firamare a nan Dubai. Mijina Abban Hanifa ɗan wasan zari-ruga ne, kowa Kyaftin yake ce masa, har ni idan ina son tsokana. Wanda bai san wasan ba, ƙarti talatin ne ake sakar wa ƙwallo mai siffar ƙwai, a ɗauka a ruga, a cafke mutum a maka shi da ƙasa, wani lokaci kuma su sunkuya su haɗa kawuna su yi ta turin juna kamar raguna. Na shekara tara ina kallo, har yau ban san dalilin da alkalin wasa yake hura usur ba.

A makarantar kwana a Jos ya fara. Daga nan aka ɗauke shi ƙungiyar ƙasa, ya yi shekara bakwai yana jagorantarta, ya kuma buga wa wata ƙungiya a Turai har sanyi ya kore shi. Hancinsa ya karye sau uku, kunnuwansa sun nannaɗe kamar ƙosan da ya daɗe a mai. A Zariya ba wanda ya san shi da komai, ɗan Hajiya Mairo ne kawai mai kokawa da ƙwallo. A nan kuwa sai mu shiga kanti Turawa su tare shi a yi hoto, ni a ba ni waya in ɗauka. Mun dawo Dubai a 2016, muka kama gida a Satwa a saman shagunan teloli. Da rana yana koyar da yara wasanni a wata makaranta, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya buga wa ƙungiyarsa ta nan.

A watan Oktoba na 2018 aka kira shi daga gida. Akwai wasa a Disamba, suna so ya ja ragamar ƙungiyar ƙasa karo na ƙarshe, sannan ya ajiye takalmi cikin mutunci. Ya yi ta kai-komo a falo kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Abin da ya fi faranta masa shi ne Hajiya, wadda ba ta taɓa zuwa kallonsa ba tunda take, ta ce wannan karon za ta je ta ga abin da ya cinye mata kunnuwan ɗa.

Juma'a biyu bayan haka aka buge shi.

Ina zaune a bakin fili ina makin takardun ɗalibai, ban ma ga yadda aka yi ba. An ce gwiwar wani ce ta same shi a gefen kai. Da na ɗago na gan shi a kwance, can ya miƙe, ya ruga da gudu ya nufi ragarsu maimakon ta abokan karawa, sai da wani ya juyo da shi. 'Yan kallo suka yi dariya, ni ma na yi. Likitar ƙungiya, wata Ba'indiya 'yar firit mai faɗan tsiya, ta shiga ta janyo shi waje yana ta musu. A mota ya tambaye ni ko sun ci wasan, na ce sun ci. Kafin mu kai gida ya sake tambaya sau biyu, na ce masa in tsokana ce ya bari, ni yunwa nake ji.

Washegari likitar ta ce sunan abin konkoshon, wato ƙwaƙwalwa ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai. Ta ce ya kwanta, ba waya, ba talabijin, ba motsa jiki, bayan mako guda ya zo ta gwada shi, kuma in bai haye gwajin ba, ba zai taka fili ba, a nan ko a gida. Muka je asibiti ɗaukar hoton kai. Mun yini a kan kujera muna jiran kamfanin inshora ya amince, ɗaukar hoton kanta ba ta kai minti goma ba. Sakamako ya fito tas, babu komai. Na yi hamdala na kira Hajiya na ce an duba, lafiya lau.

To daga nan na fara ruɗewa. Hoto ya ce lafiya lau, amma mutumin da nake kwana nake tashi da shi ba lafiya lau yake ba. In na ɗaga labule sai ya rufe fuska da matashi. Ƙarar kekunan telolin ƙasa, wadda muka daina ji tun shekarar farko, ta koma masa kamar ana buga ƙusa a kansa. Ranar Talata ya ja ni sallar la'asar ya tashi raka'a ta biyar, na tafa hannu, ya tsaya cak bai san abin da zai yi ba. Da muka sallame ya ce ni ce na yi kuskuren ƙirga. Ni da nake koyar da lissafi.

A makon ne Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinsa, ta zo daga Kano sarin kaya ta sauka a wurinmu kamar yadda ta saba. Kallo ɗaya ta yi masa ta yanke hukunci.

"Wane irin konko? Kambun baka ne, Zulai. Mutum a kira shi daga gida a ce ya zo ya shugabanci ƙasa, wata ɗaya ba a yi ba ya faɗi? Ai ko makaho ya gani. Yalla, yi maza kawo man habbatus-sauda a shafe masa kan, in na dawo daga unguwar Al Quoz wajen masu aika kaya gida zan zo da zamzam."

Hajiya kuma ta waya ta ce an sa malamai sauka, a daina ba shi ruwan sanyi. Wani abokinsa Bature ya ce a ba shi kifi da yawa. Duk na yi. Na shafa mai, na dafa kifi, na ɓoye ruwan firji, ban san wanne nake yi don imani ba, wanne don gudun surutu.

Ranar gwaji ya tafi da ƙwarin gwiwa ya dawo fuska a murtuke. Bai haye ba. Ya jefa wata takarda a kan tebur ya ce, "Malama, dubi abin da zai hana ni zuwa gida. Wasan yara."

Na ɗauka na duba, kuma gaskiya wasan yara ne. Yau wace rana ce, wane wata ake ciki. A karanta maka kalmomi biyar ka maimaita, bayan ɗan lokaci a sake tambayarka. A faɗi lambobi ka juyo da su daga ƙarshe. Ka jero watannin shekara daga Disamba ka koma baya. Ka tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe. Sai wani shafi da za ka rubuta yawan ciwon kai da jiri da kake ji, daga sifili zuwa shida.

Ya ce, "Kalmomin nan ba sa canzawa, jeri ne 'yan kaɗan suke juyawa, shekara da shekaru ina ganinsu. Kowa haddacewa yake yi. Ni dai kaina ne ya ɗan yi nauyi. Ki taimaka mini mana, ba aikinki ba ne?"

Na ce, "To ciwon kan fa?"

Ya yi dariya, ta farko a makon. "Kan ɗan zari-ruga ai ba ya daina ciwo. Da za a bi ta wannan, da ban buga wasa ko goma ba a rayuwata."

Wallahi ban ga laifin abin ba. Na ga jarrabawa, na ga ɗalibi ya faɗi, ga hoton asibiti ya ce ba komai, ga kuma uwa tana ɗinka sabon mayafi a Zariya don zuwa filin wasa. Ni kuwa ban taɓa barin ɗalibi ya faɗi sau biyu ba, har alfahari nake da hakan a ɗakin malamai. Na yanka kwali na yi katuna, na rubuta kalmomin jeri-jeri. Kowane jeri na ƙulla masa ɗan labari yadda nake yi wa 'yan aji uku, ga kyandir a kan takarda, sukari ya zube a kai, haka dai. Watanni na sa musu waƙa. Kullum bayan sallar asuba mu zauna, in na dawo daga makaranta mu sake. Yana tsaye da ƙafa ɗaya a kicin yana tangaɗi, ina juya miya ina jefo masa lambobi. Wani lokaci gumi ya keto masa, ya dafe kai ya ce a dakata, in ce ɗalibi ba ya zaɓar lokacin tashi. Na matsa wa mara lafiya da karatu har kwana takwas, a lokacin da likita ta ce ko waya kada ya kalla.

Ya koma gwaji ya cinye tas. A shafin ciwo ya jera sifili daga sama har ƙasa. Ya ce likitar ta daɗe tana kallon takardar, domin makin da ya samu ya fi wanda ya samu a farkon kaka lokacin da yake garau, amma ta sa hannu. A gida Gwaggo ta ce kun ga aikin habbatus-sauda, Hajiya ta ce kun ga aikin addu'a, ni kuma ina gefe ina murmushi, na san aikin waye. Ina tuna wannan murmushin nawa, kuma ina jin haushinsa har gobe.

Juma'ar da ta biyo ya buga wa ƙungiya don ya nuna wa na gida ya warke. Wannan karon na ajiye takardu na zuba ido. Karon da aka yi masa ko kusa bai kai na farko ba, kafaɗar wani ce ta ɗan goge shi a muƙamuƙi, ko faɗuwa bai yi ba. Ya ƙarasa wasan, ya gaisa da mutane, ya karɓi makullin mota. Da muka iso shataletalen Satwa, wanda ko ido a rufe yana iya bi, sai ya zagaya shi sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ya gangara gefe ya tsaya, ya juyo ya kalle ni kamar ya ɗauko fasinja.

"Ina ma za mu?"

Kafin in amsa ya fara amai, maganarsa ta koma kamar harshensa ya yi masa yawa a baki. Ban san ihu nake ba sai da na ga teloli sun fito. Wani dattijo ɗan Pakistan a cikinsu ne ya kira motar asibiti, ya ɗauke 'yarmu Hanifa daga kujerar baya ya kai ta wurin Gwaggo. Har yau ban san sunansa ba, amma ba na wuce shagonsa ban gaishe shi ba.

Wannan karon hoto ya nuna abu. Jini ne ya ɗan taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Aka kwantar da shi kwana shida ana sa ido, ana cewa in ya ƙaru za a buɗe, Allah ya sa bai ƙaru ba. Likitan ƙwaƙwalwar da aka haɗa mu da shi wani dattijo ne ɗan Sudan, ya ce kakarsa Bahausa ce, abin da ya gada daga gare ta sannu da lafiya lau, kuma kullum sai ya yi mana su. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai shi ma ya ruɗe. Ya yi ta juya fayil yana cewa ga takardar likitar ƙungiya ta nuna mutumin nan ya warke sarai daga bugun farko, ƙaramin karo irin wannan bai kamata ya yi wannan ɓarna ba, lallai akwai wani abu a ɓoye. Sai ya shiga nema. A ɗebi jini yau, a ɗebi gobe, a duba ko jininsa ba ya daskarewa, a sa shi cikin na'urar nan mai ƙara kamar injin niƙa, ya fito yana hawaye saboda ƙarar. Ina tsaye ina kallo ana neman abin da yake cikin jakata, domin katunan suna ciki. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na ce sannu likita na rufe.

Ban san me na fi tsoro ba a lokacin. Ko a ce na kashe miji, ko Hajiya ta ji, ko shi ya farfaɗo ya ga na tona shi. Wani lokaci ma sai in ce wa kaina wataƙila ba ruwan katunan, ƙaddara ce kawai, kuma ƙaddarar ce, amma na san da hannun wa ta biyo.

Muka dawo gida aka shiga jinya ta gaske. Na liƙe tagogi da baƙar leda. Hanifa, mai shekara biyar, ta koyi dariya a cikin tafin hannu. Mutumin da yake hawo da tukunyar gas bene na uku da hannu ɗaya ya koma sai na riƙe shi zuwa banɗaki, in ya jingina da ni sai in ji ƙashin bayana yana ƙara. Ya zama mai saurin fushi, cokali ya faɗi sai ya daka tsawa, bayan minti biyar ya fashe da kuka yana ba da haƙuri. Kafin ciwon nan ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da mahaifinsa ya rasu, yanzu kuwa tallar sabulu ma tana sa shi kuka. In ya tambaye ni me ke damunsa, sai in ce sauƙi yana nan tafe, domin ni ma iyakar abin da ake gaya mini ke nan.

Makarantarmu ta ba ni mako biyu, daga nan aka fara yi mini kallon da na gane. Inshorar wurin aikinsa ta ce raunin wasa ba nata ba ne, ta ƙungiya ta ce a kawo takarda kaza, in an kawo a ce saura kaza, na yi ta zirga-zirga har masu gadi suka san ni. Amma abokan wasansa, Allah ya saka musu. Waɗannan ƙartin da nake yi wa kallon marasa hankali su suka raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ya kai shi asibiti, wancan ya zauna da shi a ɗaki mai duhu awa biyu ba magana har in dawo daga aiki. Matansu suka yi ta aiko da wata taliya mai cuku a faranti, wadda ba mai iya ci a gidan, muka yi ta godiya muna miƙa wa teloli. Gwaggo ta ɗaga tafiyarta har sau biyu, tana faɗa tana wanke-wanke.

Disamba ta zo ta wuce, aka yi wasan ba shi. Bai tambayi yadda aka tashi ba, ni ma ban faɗa ba. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Ashe daga gida sun kira shi sun ce kada ya damu, akwai wani wasan tsakiyar shekara, matsayinsa yana nan yana jiransa. Na san da alheri suka faɗa, amma da na san wanda ya kira da na wanke shi tas.

Wata safiya a Fabrairu, lokacin ya fara fita tafiya shi kaɗai har bakin titi, na fito daga wanka na tarar da shi a tebur ya baje katunan. Ban san lokacin da ya binciko su ba.

"Malama, a koma aji," in ji shi, fuskarsa a sake kamar da.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai ke nan. Tun da ya sa ran komawa fili ya fara cin abinci, ya fara tsokanar Hanifa, ya daina kuka. Begen nan shi ne maganin da na ga ya yi masa aiki, kuma shi ne zai kai shi kabari. Na zauna, ban san dalili ba, na ce to jero watanni. Ya fara da waƙar da na koya masa, Disamba, Nuwamba, Oktoba, Satumba, sai ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ɗan taɓa mini na gaba kawai, sauran duk na sani." Na ce ruwa na bari a wuta, na shige kicin, babu komai a kan wutar.

Bayan kwana uku muka je ganin likitan ƙwaƙwalwar. Kyaftin ya zauna ya miƙe ƙirji ya ce ya ji sauƙi sosai, yana so a sa masa ranar gwaji. Likitan ya ce abin da yake hana shi sakin jiki shi ne har yanzu bai gano dalilin zubar jinin ba, amma in gwaji ya yi kyau kamar na wancan karon, za a iya fara magana. Da na ji haka sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Likita, wancan karon ba warkewa ya yi ba. Ni na koya masa amsoshin."

Na zaro katunan na ɗora a tebur. Na faɗi komai, har da tsayuwar kicin da sifilin da ya jera alhali yana kwana da ciwon kai. Kyaftin bai ko juyo ba, na dai ga jijiyar wuyansa ta tashi. Likitan ya ɗauki kati ɗaya ya juya shi, ya cire tabarau. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.

"Malama," ya ce, "wannan ba jarrabawar da ake ci ba ce, ma'auni ne. Kin sa ma'aunin zafi a cikin ƙanƙara, kika nuna mana kika ce zazzaɓi ya sauka."

Sannan ya juya ga Kyaftin ya ce ƙwaƙwalwar da aka sake bugu kafin ta warke ba ta cika yafe na uku ba, shi ba zai sa hannu ya koma fili ba, yanzu ko nan gaba, kuma zai rubuta wa likitar ƙungiya da na gida. Shekara ashirin na wasa suka ƙare a ɗan ɗakin nan, a kan maganata.

A cikin lifta ya yi magana ɗaya, bai kalle ni ba. "Mutum goma sha huɗu na bayana ba wanda ya taɓa tona ni. Sai a gidana." Daga nan ya rufe baki. Ya fi mako uku bai ce mini uffan ba. Yana cin abin da na dafa, yana shan maganin da na miƙa, in yana son wani abu ya aiko Hanifa. Na kira Gwaggo, lokacin ta koma Kano, na gaya mata gaskiya ina kuka, ina jiran zagi. Ta ce, "Halas, ya isa. Da kin yi shiru da yanzu takaba kike shirin yi. Gaba da miji ai ta fi zaman makoki." Hajiya kuwa har yau ba ta san zancen katunan ba.

Wata Asabar da safe ina shanya sai na ji ya ce, "Malama, ina kika ajiye mini farar hular nan?" Kamar ba a taɓa yin komai ba. Na nuna masa, ya ce na gode, ya tambaya ko akwai sauran ƙosai. Tun daga ranar bai sake tayar da maganar ba, ko da wasa. Na tambayi likita ko zai yiwu ya manta ne, ya ce zai yiwu, watannin nan a kansa kamar tabarmar da gara ta ci suke, wani wuri akwai, wani wuri rami. Ya ce zai kuma yiwu bai manta ba.

Yanzu muna 2021. Ya koma koyar da yara, da ɗan littafi a aljihu yana rubuta duk abin da ba ya so ya manta. Ba ya iya dogon karatu, ba ya tuƙi in rana ta take, ciwon kai yana zuwa yana tafiya. Mun gode Allah, ya fi yadda muka zata. Ga wadda Allah ya haɗa da mai irin wannan wasa, ko ma ɗanta ne ya faɗo daga babur, abin da na sani kaɗan ne, amma na saye shi da tsada. Hoto yana iya fita tas alhali kai bai warke ba. Wanda ya tambaye ki abu ɗaya sau uku ba tsokana yake ba. In likita zai gwada shi, ki bar shi ya faɗi in faɗuwar ce gaskiya. Ni na ɗauki alkawari tsakanina da Allah ba zan sake taya shi amsar da ba ita ba.

Kwanan baya ƙungiyarsa ta shirya masa walimar ban kwana da rana a bakin fili, wadda annoba ta sa aka yi ta ɗagawa. Aka ba shi riga a cikin gilashi, aka ce ya yi jawabi. Ya miƙe a gaban tsofaffin abokansa da sababbin 'yan wasa, likitar nan 'yar firit tana zaune a gaba. Ya ce a duk shekarunsa na kyaftin, abin da ya fi alfahari da shi ba wani wasa ba ne. Ya ce ranar da ya zauna a gaban likita ya ce da bakinsa, likita na yi maguɗi, kaina bai warke ba, kada ka bar ni in koma, ita ce ranar da ya cika kyaftin. Ya ce duk wanda aka buge a cikinsu ya yi irin abin da ya yi.

Aka yi ta tafi. Ni kuwa na ƙame a kujera, ina kallon fuskarsa ina neman alama. Ko haka ƙwaƙwalwarsa ta ɗinke ramin, ya yarda da abin har zuciya? Ko yana sane, rufa mini asiri yake a gaban mutanen da za su iya cewa matarsa ce ta gama da shi? Shekara goma sha biyu ina karanta fuskar nan, ranar ban iya ba.

Sai ya juyo, ya neme ni a cikin jama'a har ya gan ni.

"Ga matata nan, tana wurin. Malama, ko ba haka aka yi ba?"

Duk suka juyo suna jira. Na tuna alkawarina, na kuma ga samarin nan yadda suka kafe shi da ido, sun yarda da shi.

Na ce, "Haka aka yi, Kyaftin."